Faifan da Ya Hana Auta Zuwa Gida

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar a firamare. Na dawo daga makaranta riƙe da takalmina a hannu saboda taɓon layinmu na Kinkinau, sai na tarar an shimfiɗa sabuwar tabarma a falo, wadda ba a fito da ita sai ranar suna ko Sallah. Babanmu ya baro ofis tun kafin lokacin tashi, yana durƙushe a gaban talabijin da wani ɗan faifai a hannunsa, ƙarami, bai fi murfin gwangwanin madara faɗi ba. Wani matafiyi ne ya kawo shi daga Amurka, saƙon Baffa Sadiku, ƙanen babanmu. Kakarmu, wadda duk gidan muke kira Inna, tana zaune daf da talabijin ɗin, ta yafa mayafinta na zuwa unguwa kamar mai jiran baƙo. Da aka saka faifan, murya ta fito tangaran: "Salamu alaikum, Inna." Ta amsa masa da ƙarfi, har da tambayar gajiya. Amma hoton ya ƙi tsayawa. Babu launi ko ɗaya, baƙi da fari ne kawai, kuma yana ta gudu sama kamar ana jan guga daga rijiya: kan Baffa ya haura ya ɓace, ya ɓullo ta ƙasa, ya sake haurawa. Babanmu ya murɗa duk abin da yake murɗuwa a bayan akwatin, ya bubbuga gefensa, ya goge faifan da bakin rigarsa. Har aka kira la'asar ba wanda ya ga fuskar Baffa.

Shekara bakwai ke nan rabon Inna da autanta. Karatu ya kai shi, aiki ya riƙe shi, sai a wannan shekarar takardunsa suka kammala, ya yi alkawarin zuwa ƙaramar Sallah. Duk Lahadin da ya bugo waya, tambayarta ɗaya ce bayan gaisuwa: "Auta, saura wata nawa?" Da babanmu kuwa ba ta doguwar magana, domin shi ne ɗan fari. Ba ta taɓa kama sunansa ba. Idan dole ta yi zancensa sai ta ce "ma'aikacin nan", idan kuma tana da saƙo gare shi ni take aika, ko da yana zaune taku uku da ita. A ɗakinta nake kwana. Ni nake cika mata buta, in share ɗakin kafin in tafi makaranta, in zura mata zare a allura, in zauna kusa da ita muna tsintar wake a faifan kaba tana ba ni labarin Zariya ta ƙuruciyarta. Hansai take kirana, sunan da ba mai kirana da shi sai ita, kuma kullum tana cewa ban iya komai ba sai ci da tsallen 'yar gala-gala a ƙofar gida.

Kakanmu tela ne, kuma ciwon rawar hannu ne ya raba shi da kekensa. Ya fara da babban yatsan dama, a hankali ya ci hannun duka, ya haura kai. Ina da shekara shida ya rasu, abin da na fi tunawa da shi kuwa shi ne ƙarar cokali a jikin kofin shayinsa, wadda ake ji tun daga zaure. Inna ce ta yi jinyarsa shekara tara. Ita take ba shi abinci a baki, ita take ɓalla masa maɓallin riga, ita ta yi ta yawo da shi daga wannan asibiti zuwa wancan ana ce musu maganin da ya dace babu shi a nan. Ba ta son maganar wannan lokaci. Abin da na taɓa ji daga bakinta shi ne, "Ciwon nan ba ya sallama, ta yatsa yake shigowa."

Ranar Asabar babanmu ya goya ni a babur muka tafi Rigasa, wurin Malam Sabo mai ɗaukar bidiyon biki. Shagon ɗan ƙarami ne, kaset-kaset jibge har rufi, hotunan amare a bango, ga kwamfuta guda ɗaya an lulluɓe ta da zanen gado kamar jaririya. Ya juya faifan a hannunsa, ya gwada shi, ya ce lafiyarsa ƙalau, talabijin ɗin can ne da namu ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba. Na can yana nuna hoto kusan talatin a daƙiƙa guda, namu ashirin da biyar, layukan da suke haɗuwa su ba da hoton ma nasu ba su kai namu yawa ba. Shi ya sa akwatinmu ya kasa kama shi. Sai an juye shi zuwa irin namu a wani sabon faifai. Ya faɗi gaskiya cewa bai cika samun na Amurka ba, aikinsa ya fi yawa a bikin unguwa da kaset ɗin alhazai, amma zai gwada. Ya ce mu dawo Talata.

Ranar Talata da yamma aka sake shimfiɗa tabarmar. Wannan karon hoton ya tsaya, da launinsa. Ga Baffa Sadiku zaune shi kaɗai a kujera cikin shuɗiyar riga, ya kafa kyamarar a kan tebur, bayansa farin bango da kalanda. Ya yi ƙiba, sanƙo ya fara cin goshinsa, Umma mahaifiyarmu ta yi ta dariyar sanƙon har da riƙe ciki. Minti goma sha biyu ya yi yana magana. Ya gaida kowa da sunansa, ya tambayi bishiyar gwaibar tsakar gida, ya ce in yi karatu zai kawo mini jaka. Sai dai duk lokacin da ya ɗaga hannu yana lissafa mutane, ko ya kai kofi bakinsa, hannun yakan yi gaba ya yi baya da sauri, gefen yatsun ya tsattsage kamar haƙoran mataji. Idan ya juya kansa ma haka. Babanmu ya ce aikin juyi ne, dama ba ya fita sumul, ba wanda ya ƙara bi ta kai. Muna ta murna, ƙanena Kabiru yana ɗaga wa talabijin hannu. Inna ce kawai ba ta yi dariya ba. Da faifan ya ƙare ta ce Allah ya yi masa albarka, ta tashi ta shige ɗaki.

Daga ranar, duk yammar da aka kawo wuta, idan na dawo daga Islamiyya, sai ta ce in saka mata Auta. Ta koya mini inda take so in tsayar, inda take so in mayar baya. Wurin kofin ne. Mukan kalle shi sau biyar, sau shida, ƙawayena suna ta kirana daga waje in zo mu yi carafke, ita kuwa tana jan carbi ba ta ko ƙiftawa. Wata rana da babu kowa a falon ta ce, "Hansai, idonki ya fi nawa. Hannun nan rawa yake yi, ko tsufa ne yake mini gizo?" Na duba da kyau, domin an koya mini kada in yi wa babba ƙarya. Na ce rawa yake yi. Ta gyaɗa kai, ta ce kada in faɗa wa kowa ta yi wannan tambayar. Na ji daɗi a lokacin, har ina jin kaina babba, wai ni ce mai riƙe wa Inna sirri.

A cikin makonnin nan ne geron gonarmu ta Katabu ya fara ido. 'Yar gona ce babanmu yake nomawa ranakun Asabar, kamar yawancin abokan aikinsa, kuma kowace shekara yaƙinsa da tsuntsaye ne. Dabararsa ita ce ya tara faifan da suka mutu da zaren tsofaffin kaset, a ɗaura su a igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, iska tana juya su, walƙiyarsu tana korar tsuntsayen janbaki. Ya ce idan aka zura igiya ta ramin tsakiya faifan ba ya juyawa sosai, sai an huda shi a gefe. Wannan aikina ne. Nakan sa ƙusa a garwashi har ta yi ja, in riƙe ta da tsumma, in huda su ɗaya bayan ɗaya, warin roba yana tashi, Kabiru yana zura zare. Da muka kwashe na cikin kwali, babanmu ya ga ɗan faifan Baffa a kan talabijin, ya ce a haɗa da shi, ya gama aikinsa tun da an juye. Ni na huda shi. Da muka je gona ni na nemi a bar mini shi saboda ya fi kowanne kyau, na ɗaure shi a kusurwar gabas kusa da ɗorawa, na tsaya ina kallon yadda yake watsa launuka a kan zangarniya. Muka gasa masarar maƙwabcin gona da ya ba mu, muka dawo gida da ƙaiƙayi a wuya.

Saura kwana kaɗan a fara azumi Baffa ya bugo waya da albishir cewa ya sami hutu, ranar tafiya kawai ya rage ya tsayar. A da Inna takan shige ɗaki da wayar. Ran nan a tsakar gida ta karɓa, Umma tana tankaɗe, babanmu yana alwala a bakin rariya. Ba ta tambayi saura wata nawa ba. Ta ce, "Auta, na ga saƙonka, na kuma ga abin da ba ka faɗa ba. Kada ka zo. Ka zauna inda likitoci suke." Muna jin muryarsa daga wayar yana tambayar wane ciwo, yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau, har ya fara dariya. Ta bar shi ya gama. Ta ce, "Ubanka ma shekara biyu yana ce mini gajiyar keke ce. Na ga abin da ciwon nan yake yi wa mutum a garin da ba magani. Idan ka tako ƙasar nan kafin ka warke, ban yafe ba." Ta miƙo mini wayar, ta ɗauki butarta.

Ban taɓa ganin babanmu ya zauna a ƙofar ɗakinta ya yi mata doguwar magana ba sai a ranar. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya yi bayanin Malam Sabo daga farko, da hoto talatin da ashirin da biyar, ya ce inji ne ya kawo rawar. Ta saurara tana kallon ƙasa. Da ya gama sai ta juyo wurina. "Hansai, tambayi ma'aikacin nan. In inji ne, me ya sa bangon bai yi rawa ba? Me ya sa kujerar ba ta yi ba? Injin ya san hannun Auta ne da zai zaɓe shi shi kaɗai?" Babanmu ya mayar da hularsa kai, ya tashi.

Yau ina da amsar tambayar nan tata, domin aikin da nake ci da shi ke nan, haɗa hoto a gidan talabijin. Akwatin talabijin na wancan zamani ba ya nuna hoto gaba ɗaya. Kowane hoto rabi biyu ne. Layi na ɗaya da na uku da na biyar har ƙasa su ne rabi guda, na biyu da na huɗu da na shida su ne ɗayan, kuma kyamara tana ɗaukar ɗaya ne kafin ɗayan, tsakaninsu bai kai ƙiftawar ido ba. Suna shiga juna kamar yatsun hannu biyu idan an sarƙe su. Idan mai juyi ya sa na bayan ya riga na farkon fitowa, abin da yake tsaye ba zai nuna komai ba, domin bangon da yake rabin farko shi ne a rabi na biyu. Abin da yake motsi kuwa sai ya yi gaba, ya koma baya, ya sake yin gaba, sau da yawa a daƙiƙa guda. A ɗakin da Baffa ya ɗauki kansa babu abin da yake motsi sai shi.

Washegari babanmu ya koma Rigasa. Malam Sabo ya ce ya riga ya goge aikin saboda kwamfutarsa ba ta da wuri, amma abin mai sauƙi ne: a kawo na asalin ya sake juyawa, ko kuma a kai Inna gidan wani mai talabijin da yake karɓar kowane irin faifai ta gani da idonta. Babanmu bai jira Asabar ba. Ya ɗauke ni daga makaranta da kayan makarantar a jikina muka nufi gona, tun da ni na san inda na ɗaure faifan. Mako uku ya yi a rana da ruwa. Shunin da yake bayansa ya koɗe, ruwa ya shiga ta hudar da na yi ya raba shi biyu kamar ɓawon albasa. Babanmu ya kwance zaren a hankali, ya juya shi gaba da baya, ya sa a aljihun gaba. A hanyar dawowa, wajen Kawo, na matso da bakina kusa da kunnensa na gaya masa cewa Inna ta tambaye ni tun da daɗewa, tun kafin in huda faifan, kuma ni na ce mata rawa yake yi. Muka wuce motoci uku. Sannan ya ce, "Riƙe ni da kyau, akwai ramuka a gaba."

An gwada sauran dabaru. Malam Sabo ya ba da aron wani faifan biki da ya juye mai irin wannan lahani, aka saka mata don ta ga kowa a ciki yana karkarwa. Ta kalla minti biyu ta ce ai waɗannan masu rawa ne, a kashe. Baffa ya aiko da hotuna, ta ce hoto ba ya motsi. Ya ce zai sake ɗaukar wani faifan, ta ce kada ya wahalar da kansa, wanda ya san ana kallonsa zai iya riƙe hannunsa, ubansa ma yakan zauna a kan nasa hannun idan an yi baƙi. Wani malami abokin kakanmu ya zo ya yi mata nasiha, ta ba shi goro ta yi masa godiya, ba ta janye maganarta ba. Baffa ya ce zai zo kawai ta gan shi, babanmu ya hana shi, ya ce ba a taka kalmar uwa irin wannan, ya bari zuciyarta ta huce, bayan babbar Sallah a sake gwadawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga watannin nan shi ne Inna ba ta yi kama da mai baƙin ciki ba. Ta daina cewa in saka mata faifan. Kowace Juma'a takan sa Umma ta soya waina a raba wa yaran layi sadaka, ta kuma sa aka yi rubutu aka shanya shi a takarda don a aika masa idan an sami mai tafiya. Idan ya bugo waya takan tambaye shi ko yana shan magani, shi kuma da ya gaji da musu sai ya koma cewa yana sha, don ta sami kwanciyar hankali. Ranar ƙaramar Sallah ta ɗebi tuwo da miyar taushe a kwanon da ta ajiye masa tun farkon shekara, ta ce in kai wa maƙwabta. Da na dawo na same ta tana ninke shimfiɗar da ta saya don ɗakinsa, tana mayarwa cikin akwati. Ta ce mini, "Gara in ji muryarsa daga nesa da in ba shi abinci a baki." Mako uku bayan babbar Sallah ta kwanta da zazzaɓi. Kwana huɗu ta yi, ta rasu ranar Litinin da hantsi.

Baffa Sadiku ya iso ranar sadakar bakwai. Ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa har azahar, sannan ya shigo cikin gida ya zauna a bakin ƙofar ɗakinta, bai shiga ba. Mu yara muka kewaye shi muna jin nauyinsa, don ba mu san shi ba sai a talabijin. Wani ya kawo lemo a tire. Ya ɗauki guda, ya nemi reza, ya fara feraye shi yana tambayar sunayenmu. Ni hannun nake kallo. Rezar ta yi ta zagaya lemon a hankali, ɓawon yana sauka siriri, zare ɗaya tun daga sama har ƙasa bai tsinke ba. Ya yanke kan, ya miƙo mini. Na karɓa, na zagaya bayan gwaiba, a can na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita.

Yanzu babu mai jiran matafiyi ya kawo masa fuskar ɗansa. 'Ya'yana suna hira da na Baffa a waya ido da ido, suna nuna wa juna haƙoran da suka faɗi, kuma ba su san an taɓa yin lokacin da hoton wata ƙasa ba ya zama a akwatin wata ba. Shagon Rigasa ya koma na sayar da caja, gonar Katabu gidaje sun cinye ta. A kwamfutar da nake aiki da ita, zaɓin wane rabi zai fara fitowa ɗan akwati ne a kusurwa, dannawa ɗaya ya isa, amma har yau ba na sakin aikin tsohon faifai sai na duba shi sau uku, abokan aikina suna tsokanata wai na cika tsoro. Wani lokaci mutane sukan kawo faifan iyayensu a gyara musu, in zauna ni kaɗai ina kallon hannuwan mutanen da ban sani ba suna daidaita a gabana, sai in ji ina son in juya in ce wa Inna ta matso ta duba. Idonta bai yaudare ta ba, mu ne muka nuna mata ba daidai ba.